Haƙorin Alhaji Ladan da Hukuncin Kotu

Alhaji Ladan ɗan sarin sukari da ganyen shayi ne, gidansa yana Sabangali, ba nisa da bakin kogin Shari. Kakansa ne ya zo daga Kano tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy, ya kafa 'yar rumfa a kasuwa, ubansa ya mayar da ita shago, shi kuma ya ƙara mata sito a baya. Amma in ka zauna shan shayi da shi, ba labarin sito zai ba ka ba. Labarinsa ɗaya ne: tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kwanciya a gadon asibiti ba, allura kuma ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Yakan faɗi haka yana dukan ƙirji, ga finjalin shayi a ɗaya hannun, rabinsa sukari.

Matarsa Hajiya Delu ba ta musa masa a gaban mutane. A cikin gida ne takan ce gaskiya ne allura ba ta taɓa shi ba, amma dalilin shi ne duk mai allurar da ya biyo shi, Alhaji ya fi shi gudu.

Rigimar ta faro ne daga ƙungiyar 'yan kasuwar layinsu. Mai kula da jin daɗin membobi ita ce Hajiya Ramatou, mutuniyar Damagaram, wadda ta daɗe tana aikin jinya kafin ta ajiye ta koma sayar da tukwane da kuloli. Ta gaji da ganin abu ɗaya. Mutum yana cikin kasuwarsa lafiya lau, sai ciwo ya kama shi ko ya kama iyalinsa, kafin a sallame su daga asibiti shago ya zama kango, sai a riƙa yawo da faranti rumfa-rumfa ana neman taimako. Ta kawo shawarar a kafa asusun lafiya, irin wanda masu Faransanci ke kira mitiyel: kowa ya riƙa zuba ɗan abu duk wata, wanda ciwo ya kama, asusu ya ɗauke masa mafi yawan nauyin. Aka yi taro, aka ɗaga hannu, masu rinjaye suka ce ba ma zaɓi ba ne, dole ne ga duk mai shago a layin.

Wannan dolen ce ta miƙar da Alhaji Ladan tsaye.

"Ni in biya kuɗin ciwon da ban yi ba? Jama'a, ku ji mini! Mutum yana zaune lafiya, sai ya riƙa aika wa cuta goro duk wata, yana ce mata ga shi nan ya shirya, ta zo duk ran da ta ga dama? Hajiya Ramatou, ke kin taɓa ganina a asibiti?"

"Ban taɓa ba, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya," in ji ta. "Amma ai duk wanda na gani a can, akwai ranar da ta zama ranarsa ta farko."

"To ni tawa ba ta cikin kalanda."

Yahya mai sabulu, wanda shagonsa ke manne da na Alhaji, kuma shayinsa na safe da na yamma duk daga butar Alhaji yake fitowa, ya miƙe ya rantse cewa inda Alhaji ya taka nan zai taka. Wasu 'yan kaɗan suka bi bayansu.

Da a ce Alhaji ba shi da lauya a dangi, da maganar ta ƙare a ƙorafi, a yi ta gunaguni ana biya. To amma yana da ɗan ƙanwa, Metir Siradji, lauya mai baƙar riga da farin ƙyalle a wuya, wanda babu abin da yake so a duniya kamar shari'ar da ba ta ƙarewa. Ya zo gaishe da kawunsa, ya ji labari, ya gyara zama.

"Kawu, wannan tauye haƙƙi ne a fili. Kotu za mu je."

"Ka gaya musu su cire sunana," in ji Alhaji. "Kuma kar su sake mayar da shi. Har abada."

"Kawu, har abadan nan ba ta yi yawa ba?"

"Ka sa ta. In ma akwai abin da ya fi har abada tsawo a Faransanci, ka ƙara."

Aka yi ta zuwa kotu ana ɗagawa, har damina ta shiga ta fita. Ranar hukunci, mai shari'a, wata siririyar mace mai tabarau wadda ba ta da yawan magana, ta karanta abin da ta yanke da Faransanci. Faransancin Alhaji bai wuce gaisuwa da farashin buhu ba, don haka fuskar Siradji ya tsura wa ido. Da ya ga baki ya fara buɗewa, haƙora sun fito, sai ya san an dace.

"Kawu, mun ci!" Siradji ya raɗa masa. "Ta ce ƙungiya ba ta da hurumin tilasta wa kowa. Ta kuma hana su sake sa sunanka, kamar yadda ka nema."

Abin da ya ƙara wa maganar girma shi ne lokacin da ta zo. Ko'ina a gari, daga majalisar shayi zuwa cikin bas, hirar inshorar lafiya ta ƙasa ake yi: yaushe za ta kankama, wa za ta ɗauka, wa zai biya. Sai mutane suka fara tambaya, in ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta iya tilasta wa mutum ɗaya ba, yaya za a yi da ƙasa baki ɗaya? Kafin la'asar sunan Alhaji Ladan ya zaga kasuwa, mutumin da ya kayar da inshora. Wani gidan rediyo mai shirin Hausa mako-mako ya aiko cewa ana gayyatarsa muhawara da Hajiya Ramatou a kan makomar shirin ƙasa.

Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ɗora butoci, aka kawo buhun busasshen dabinon Faya ana rabo. Yana tsakiyar ba da labarin yadda ya kalli mai shari'a ido cikin ido, abin da bai faru ba, sai ya jefa dabino ɗaya a baki ya datsa da ƙarfi. Ya ji ƙas! Wani abu ya tashi daga muƙamuƙinsa na hagu, ya bi ta kunne, ya fita ta tsakiyar kai. Idonsa ya kawo ruwa.

"Allahu akbar," in ji Yahya. "Ku dubi Alhaji, har hawayen farin ciki yake yi."

Alhaji ya gyaɗa kai.

Washegari kumatunsa na hagu ya tashi kamar ya ɓoye ƙwallon mangwaro a ciki. Hajiya Delu ta tsaya a kansa tana kallo, hannu a ƙugu.

"Alhaji, tashi mu je asibiti."

"Ba ciwo ba ne. Sauro ne."

"Sauron ya cije ka ta cikin baki?"

Ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya shafa man zafi har idonsa ya ƙi buɗuwa. Delu ta ce to a kira wanzami mana. Ya ce ina, bakin wanzamin unguwar nan ai ya fi gidan rediyon nisan zango, kafin ya kai gida duk Sabangali ta ji. Ta ce to ya aika wa masu rediyon cewa ba shi da lafiya.

"Ni? In aika in ce ba ni da lafiya? A wannan makon?" Ya so ya ƙara magana, haƙorin ya hana shi.

Dabarar da ya samu ita ce rawani. Alhaji, wanda duk rayuwarsa hular Kano yake kafawa, ya sa aka sayo masa kadamul, dogon rawanin nan na mutanen arewa da ake naɗewa har baki da hanci, ido kawai a waje. Da ya fita da shi kasuwa, Yahya ya dube shi ya ce lallai girma ya zo, manyan mutane ba sa barin bakinsu a buɗe. Kafin azahar shi ma ya sayo nasa.

Ranar muhawara aka shigar da su wani ɗan ɗaki mai sanyin na'ura. Mai gabatarwa, Malam Hashimu, mutum ne mai saurin baki wanda ba ya jure shiru ko na numfashi ɗaya. Ya ajiye wa kowa gorar ruwa mai raɓa, ya gaishe da masu saurare, ya fara da Hajiya Ramatou.

Ta yi magana a natse. Ta ce ba ta ja da kotu ba, amma a sani asusu irin wannan masu lafiya ne ke riƙe shi. In sai wanda ciwo ya riga ya kama ne kaɗai zai shigo, asusun ba zai ga ƙarshen shekara ba. Ta ce matsalar da shirin ƙasa zai ci karo da ita ke nan. Ma'aikacin gwamnati ana iya cire nasa daga albashi, to amma mai tebur, da mai klando da ke yawo da babur yana ɗaukar fasinja, da makiyayi, da mai sayar da kifi a bakin kogi, su ta ina za a kamo su? In ba dole, sai lallashi, lallashi kuwa sai mutane sun ga magani a asibiti da idonsu, ba a faɗa musu a rediyo ba.

"Madalla," in ji Hashimu. "Alhaji Ladan, ka ji abin da Hajiya ta ce. Me za ka ce?"

Alhaji ya ɗan sassauta rawani, ya matso da baki. Sanyin ɗakin ya shiga ya sami haƙorin.

"Mmm," in ji shi.

Hashimu ya jira. Ba a ƙara komai ba.

"To masu saurare, kun dai ji. Alhaji ya ce mmm. Amsa ce gajeriya, amma mai nauyi. Alhaji, wato kana nufin ba ka gamsu ba?"

"Mmm-mmm."

"Bai gamsu ba ko kaɗan!"

Haka aka yi ta tafiya. Hajiya Ramatou ta kawo hujja, Alhaji ya yi gurnani, Hashimu ya fassara gurnanin zuwa dogon bayani. Wani gurnanin ya zama suka a kan tsadar magani, wani ya zama kira ga hukuma ta ji tsoron Allah. Ramatou kuwa ta daina kallon Hashimu, ta koma kallon gefen hagu na rawanin, inda ya fi na dama tudu.

Can maƙogwaron Alhaji ya bushe. Ya manta, ya ɗauki gorar ruwan sanyi ya kai baki, daidai lokacin da Hashimu ke cewa, "To Alhaji, ga babbar tambaya. Bayan wannan hukunci naka, me kake hangowa game da makomar inshorar lafiya ta ƙasa?"

Ruwan ya sauka a kan haƙori.

"Wayyo Allah na!" Alhaji ya ƙwalla, har mai kula da na'ura ya cire abin kunnensa.

Hashimu ya sassauta murya. "Masu saurare, ban da abin ƙarawa. Layinmu a buɗe yake."

Mai kira na farko, wani Shafi'u daga Atrone, ya ce tun da aka fara maganar inshorar nan bai ji wanda ya faɗi gaskiya irin Alhaji ba, wayyon nan ita ce ke cikin zuciyar kowane talaka da za a ce ya biya. Mai kira ta biyu ta ce Shafi'u bai fahimta ba, Alhaji kukan tausayin marasa inshora ya yi, ita ta ji nadama a muryarsa. Aka rufe shiri ana gardama a kan me wayyon ke nufi.

A farfajiyar gidan rediyon, Alhaji na sauri ya tsere, Hajiya Ramatou ta sha gabansa.

"Na sama ne ko na ƙasa?"

Ya yi kamar bai gane ba.

"Alhaji, haƙorin nake tambaya. Na ga kumburi irin wannan ya fi a ƙirga. Kar ka yi wasa da shi, yana iya sauka wuya."

Ya waiga hagu da dama, sannan ya nuna ƙasa da yatsa.

"Akwai lokotoron haƙori a wani ƙaramin asibiti can Toukra," in ji ta da Hausarta ta Damagaram, inda ake ce wa likita lokotoro. "Hannunsa da sauƙi, kuma wurin da nisa, ba wanda ya san ka. Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Alhaji ya so ya ce ba ya buƙata. Abin da ya fito daga cikin rawanin shi ne, "Ta wace hanya ake bi?"

Da sassafe shi da Hajiya Delu suka ɗauki tasi, suka ƙetare gada suka nufi kudu, har gidaje suka fara tazara, gonaki suka fara bayyana. Alhaji ya naɗe kai tam, ya zauna can ƙarshen benci a ɗakin jira, yana kallon bango. Sai da ya ɗan natsu ya lura akwai wani mai kadamul a ɗaya ƙarshen bencin, shi ma yana kallon bango, ya miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura kamar tulu. Takalmin da ke ɗaya ƙafar Alhaji ya san shi, kullum yana ganinsa a bakin tabarmarsa.

"Yahya?"

Mai rawanin ya zabura. "A'a, Alhaji! Kai ne? Lale, lale. Me ya kawo ka nan?"

"Dubiya na zo. Kai fa?"

"Ni ma dubiya."

"Da wannan ƙafar?"

"Ai hanya ce da nisa, Alhaji, ta ɗan tashi."

Kowa ya koma kallon bangonsa. Sai ga ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce Yahya mai ƙafa ya kawo katinsa na mitiyel. Yahya ya daɗe yana lalube a aljihu kamar mai fatan kar ya samu, sannan ya zaro ɗan koren kati ya miƙa, bai kalli kowa ba.

"Yahya," in ji Alhaji a hankali. "Inda na taka nan za ka taka."

"Wallahi Alhaji na taka. To ƙusa na taka. Uwar 'ya'ya ce ta je wurin Hajiya Ramatou tun kafin a gama shari'a, ta ce ita ba ta kai kowa kotu ba."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ma'aikaciyar ta sake leƙowa, ta ɗaga murya yadda har masu jira a waje suka ji: "Ladan! Mai ruɓaɓɓen haƙori!"

Yahya ya dubi silin. "Allah ya ba wanda ka zo dubawa lafiya, Alhaji."

A ciki, da likita ya ɗauko allurar kashe zafi, Alhaji ya dubi ƙofa. Hajiya Delu ta riga ta jawo kujera ta zauna a bakinta, ta ɗora jaka a cinya. Ya dubi taga, da ƙarfe a jiki. Ya rufe ido ya fara salati. Kafin ya kai ƙarshe an gama allurar, bai ma ji shigarta ba, abin da ya ɗan ba shi haushi, don ya yi tsammanin abin da ya gudar wa tun yana yaro zai fi haka. Aka cire haƙorin. Likita ya leƙa sauran da 'yar fitila, ya girgiza kai, ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ce to ya gane, kuma akwai wasu haƙoran a layi, su ma suna nan tafe ɗaya bayan ɗaya. Da aka je wurin biya aka faɗa masa abin da zai bayar, shi da ba shi da kati, sai ya ji kamar allurar ta sake shi.

A cikin tasi suna komawa, auduga a baki, Alhaji ya dafe kumatu har suka hau gada. Sannan ya ce, "Delu, wannan katin na Yahya, kore ne ko shuɗi?"

"Kore ne, Alhaji. Ka gan shi sarai."

Bayan kumburi ya saɓe, ya bi ta bayan layi ya je rumfar Hajiya Ramatou, ya yi kamar kula yake tayawa. Ya ɗaga wannan, ya ƙwanƙwasa waccan, sannan ya ce shi fa ya yi tunani, ba don kansa ba, don dai a ƙarfafa wa jama'a gwiwa, yana ganin ba laifi a sa sunansa.

"Da na fi kowa murna, Alhaji," in ji ta. "Amma ba zan iya ba."

"Saboda me?"

"Kotu ta hana. An ce kar mu sake sa sunanka. Har abada, in ban manta ba. Ni mace ce mai bin doka, ba zan je gidan yari a kan haƙorinka ba."

"To ai ni na nema, ni kuma na fasa!"

"Sai ka je ka gaya wa wadda ta yanke."

Metir Siradji da ya ji, murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce wannan shari'a ce da ba a taɓa ganin irinta ba, za a daɗe ana yi. Aka sake komawa gaban mai shari'ar nan mai tabarau. Wannan karon ta ce a yi da Larabcin gari, don mai ƙara ya ji da kunnensa.

Siradji ya miƙe ya baza riga. Ya ce wanda yake karewa dattijo ne mai sauƙin kai, an cuce shi, an rufe masa ƙofar alheri da kalma mai nauyi. Ya ce duk lauyan da ya bar dattijo irin wannan ya nemi har abada, bai yi masa adalci ba, kuma ya kamata a binciki inda ya yi karatu.

Mai shari'a ta duba takardun gabanta. "Wane ne lauyan da ya shigar da ƙarar farko?"

Siradji ya ɗan yi tari. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"To zauna." Ta juya ga Alhaji. "Alhaji Ladan, ka kai ƙungiya ƙara ka yi nasara. Yau wa ka kawo ƙara?"

Alhaji ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Ranki ya daɗe, nasarar na kawo."

Aka fashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Mai shari'a ba ta yi ba, amma ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta tambayi Hajiya Ramatou ko ƙungiya na da ja, ta ce babu. Mai shari'a ta ce to an ɗage hanin, Alhaji na iya shiga in yana so. Batun tilas kuwa yana nan yadda ta yanke, ba a tilasta wa kowa. Sannan ta ƙara da cewa tana jin abin da ake ta faɗa a gari, don haka a gaya wa masu rediyo: ita a kan ƙungiyar layi ɗaya ta yi hukunci, ba a kan ƙasa ba. Shirin ƙasa yana da masu yin dokarsa, in sun yi, wanda bai gamsu ba ya san hanyar kotu. Ta dubi Siradji ta ce ba gayyata ba ce.

A bakin kotu Siradji ya fara bayanin cewa akwai wata 'yar kafa da za a iya ɗaukaka ƙara ta cikinta. Hajiya Delu ta ce masa in ya sake furta kalmar ƙara a gaban mijinta, ita da uwarsa za su zauna. Ya tuna yana da wani aiki a ofis.

Labarin ya riga su isa kasuwa. Abin mamaki, waɗanda suka fita tare da Alhaji suka fara dawowa, har da waɗanda tun farko ba a lissafa da su ba, 'yan tebur da masu dako. Hujjarsu ɗaya ce: in har mutumin da ya kayar da inshora ya koma kotu yana roƙon a sa shi, to akwai abin da ya gani. Ramatou ta ce da ta san haka ne, da ita da kanta ta kai masa dabinon.

Ranar da ta miƙa masa koren katinsa, ya juya shi gaba da baya, ya ce to gobe zai koma Toukra a fara duba sauran haƙoran da ke layi.

"Ba gobe ba, Alhaji. Sabon shiga sai ya yi wata uku yana zubi kafin kati ya fara aiki. Ka'ida ce, don kar mutum ya jira sai ciwo ya kama shi ya rugo."

"To in wani abu ya same ni kafin nan fa?"

"Sai ka yi ƙoƙari kar ya same ka. Bayan Babbar Sallah ka yi duk ciwon da kake so."

Tun daga ranar Sabangali ba ta taɓa ganin mutum mai kaffa-kaffa irin Alhaji Ladan ba. Ya daina hawa klando. In zai ƙetare titi sai ya jira har babur na ƙarshe ya ɓace, sannan ya ɗaga hannu biyu ya bi a hankali. Nama sai Delu ta daka masa. Ya sa aka janye kujerarsa daga gindin buhunan da aka jibga, kar ɗaya ya zamo. Gidan sauro kuwa har na rana yake shiga in zai yi ƙailula.

Wata ranar kasuwa Hajiya Ramatou ta biyo ta ƙofar shagon, ta same shi zaune can nesa da kayansa, yana ciniki da ɗaga murya.

"Alhaji, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ai ba ni da izinin wani abu sai bayan Sallah."

Suna cikin haka wani mai saye ya shigo, hanci ja, ido na ruwa. Ya buɗe baki zai tambayi farashi, sai ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗaga kai sama. Alhaji ya yi tsalle ya faɗa sito ya turo ƙofa. Daga ciki aka ji muryarsa:

"Bawan Allah, don girman Allah matsa gaba! Je ka yi atishawarka a shagon Yahya, shi katinsa ya fara aiki!"